Ƙarfe a Ƙugun Liman

Laraba, 3 ga Rajab, bayan la'asar

Na dawo gida. Ɗanmalam ƙanena ya cire kujerar tsakiya ta motarsa ya shimfiɗa mini katifa, ya taho da ni daga Kano kamar wanda ya ɗauko kwandon ƙwai. Mutumin da fasinja ke roƙonsa ya rage gudu, yau har mai keke ya wuce shi a hanyar Rano. Da muka shigo Lausu mata suna leƙe ta ƙofar gida, na ɗaga musu hannu. Ba kullum limamin unguwa ke dawowa da ƙarfe a jiki ba.

Bari in rubuta abin da aka yi mini tun ban fara ƙara masa gishiri ba. Tun haihuwa gurbin ƙuguna na hagu bai yi zurfi ba, don haka kan ƙashin cinyata bai taɓa zama a cikinsa daidai ba, a baki-baki yake. Shekara talatin da shida ina tafiya a haka. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce iska ce. Maɗora sun ja sun ɗaure, babu wanda ya ga abin da ke ciki. Ina ɗingishina ina hidimata, har shekaru biyun nan da ciwon ya kai ba na tashi daga sujada sai na dafa bango. Likitan asibitin ƙashi ya yanke ƙashin cinyar daga sama, ya juya shi har kan ya shiga gurbinsa, sannan ya ɗora wani ƙarfe mai faɗin yatsa biyu ya ɗaure shi da kusoshi.

Ya sallame ni da dokoki. Kar in taka ƙafar, kar in zauna a ƙasa, kar in durƙusa. Salla a kan kujera, da nuni. Na tambaye shi batun azumi, ya ce, "Malam, in ka bi doka, mai yiwuwa ƙarshen Sha'aban in ba ka izinin sujada. Amma ƙashi ba ya duban wata." Yaro ne, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba, amma hannunsa da albarka.

Alhamis, da hantsi

Gida ya cika da 'yan dubiya, kuma hoton ƙashin ya fi ni kasuwa. Alhaji Bello, mai motocin hatsi, wanda ke riƙe da kwamitin masallacinmu, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana kallo.

"Wallahi Malam walda aka yi maka," ya ce. "Irin wannan aikin ko a garejin Kano ba ka samu."

Gwaggo Indo tana so ta san ko aradu ba za ta neme ni ba in damina ta sauka. Wani kuma ya tambaya ko ya halatta a binne mutum da ƙarfe. Na ce masa ya bari in warke tukuna sai mu duba mas'alar.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da ƙafar nan ake yi mini kallon tausayi, yau da ita ake yi mini kallon mamaki.

Juma'a, 5 ga Rajab, bayan magariba

Bangon ɗakina shi ne bangon masallaci, komai aka karanta ina ji. Baba ya gina shi da shi da mutanen unguwa, ya ja salla a cikinsa har ƙarshen rayuwarsa, ranar sadakar bakwai aka tura ni gaba. Yanzu Musbahu ke riƙe mini. Ɗalibina ne, a gabana ya yi hadda, ni na mai da shi na'ibi. Mai zaune ba ya jan masu tsaye, haka yake a fiƙihunmu, kuma da bakina na karantar da shi wannan babin. To ga shi ya zo kaina.

Aro ne dai. Muryarsa ba laifi. Yana ɗan sauri a ruku'u.

Asabar, bayan azahar

Ƙafar ta kumbura. Barira matata ta ce alamar sauƙi ce. Ban san a wace makaranta ta yi likitanci ba.

Litinin, 8 ga Rajab, da walaha

An ɗaga gadona a kan bulo. Kafinta ya huda tsakiyar wata kujera an kai ta bayan gida, ban ce komai ba, shi ma bai ce komai ba, kuma ya kyauta. Barira ke wankin ciwon safe da yamma. Tana yi tana tsokanata, wai ta auri malami ga shi an musanya mata da baro. Na ce baron ma ai sai mai rabo.

Musbahu yana shigowa kullum bayan asuba. Ya zauna a ƙasa gefen gado ya biya mini abin da zai karanta a ranar. In ya kauce na gyara. Wannan ɗan lokacin ne nake jin kaina daidai.

Juma'a, 12 ga Rajab, bayan la'asar

Alhaji Bello ya zo shi kaɗai. Ya daɗe a kan farashin masara, daga nan na san ba masara ta kawo shi ba.

"Malam, akwai magana. Wata makaranta a Kano tana neman Musbahu, har da ɗakin kwana. Sun ce ya ba su amsa kafin azumi."

"To, Allah ya sa alheri ne."

"Amin. Amma in ya tafi, ranar da ƙafarka ta motsa wa zai ja mu? Kai ma ka sani shekara biyun nan rabin sallolin shi ke ja. Dattawa sun zauna. Sun ce in ka tsaya gaba daren Asham na farko, masallaci naka ne, Musbahu ya tafi da albarka. In kuma ba hali, a tabbatar masa da limancin. Kar mu yi biyu babu."

Yana magana yana kallon bulon da ke ƙarƙashin gadona. Ban yi fushi da shi ba, aiko shi aka yi. Na ce, "Alhaji, ku sayi sabuwar darduma. Tsohuwar ta ƙoƙe a wurin goshi, kuma daren farko a kan sabuwa nake so in tsaya."

Ya yi dariya, ya ce in Allah ya so. Ni ma na ce in Allah ya so.

Asabar, bayan asuba

Musbahu ya biya karatunsa. Bai ambaci Kano ba, ni ma ban ambata ba.

Laraba, 17 ga Rajab, da yamma

An cire zaren ɗinki. Mai gashin ƙashi ya koya mini tafiya da sanduna biyu, ƙafar a ɗage. Yau na kai zaure da kaina, na zauna a doguwar kujera, duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Wani ɗan Fulani mai kawo nono ya ce bai taɓa ganin mutum mai ƙafa huɗu da gemu ba sai bunsuru. Na ce zan haɗa shi da Arɗo.

Da na koma ɗaki na kwanta rigingine, Barira ta tsaya a ƙarshen gado tana gyara mini zane, sai ta ƙura wa ƙafafuna ido.

"Malam, miƙe ƙafafunka."

Na miƙe. Ta kama dugadugaina ta haɗa su wuri ɗaya.

"Sun yi daidai," ta ce.

Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Kullum ta hagu tana baya kamar ƙanwa. Na sa ta ɗauko madubi ta riƙe mini don in gani da idona. Na yi kuka, ita ma ta yi, sannan ta ce in na ba wa wani labari za ta ƙaryata ni.

Baba ya tsaya a wurin nan a miƙe kamar mashi. Ni kuwa kullum a karkace nake tsayawa, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ina jin idon sahu a bayana. Bana za su ga ɗan Baba a miƙe.

Litinin, 22 ga Rajab

Sannu ba ta hana zuwa. Kumburin ya saɓe.

Juma'a, 26 ga Rajab, bayan isha'i

Alaramma Zainulabidin ya zo daga Kibiya. Ya zo da kansa.

Wanda bai san shi ba ba zai gane nauyin abin ba. Shi ya ɗora wa Baba allo a cinya, shi kuma ya karɓi haddata. Ya haura tamanin, shekaru ke nan ba ya fita ko ɗaurin aure, aike yake yi. Amma ya sa aka ɗauko shi a mota har ƙofar gidana, duk unguwa ta gani. Barira ta gaishe shi daga bayan labule ta koma ciki, aka bar mu da Ɗanmalam da jikan da ya rako shi.

Ɗanmalam ya jawo masa kujera. Alaramma ya ce shi bai saba ba, in dai akwai ƙasa. Aka shimfiɗa masa buzunsa a tsakar ɗaki ya zauna.

Mun gaisa. Na gaishe shi yadda Baba ya koya mini a gai da malami. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ɗora hannunsa a kaina yana zaune, bai ko ɗaga ba. Ya ce, "Zulkifilu, Allah ya miƙar da kai kamar yadda ka riƙe wurin mahaifinka." Wannan maganar ta ishe ni guzuri.

Ɗanmalam ya yi mini alkawarin zai riƙe bakinsa. Abin da zan rubuta ke nan.

Asabar, da asuba

Ba komai.

Asabar, bayan azahar

Ba komai. Sanyi ne yake shiga ƙarfen, an ce haka yake yi.

Lahadi, da hantsi

Ban fita zaure ba. Barira ta tambaye ni me ya sa nake gumi alhali kowa yana neman bargo. Na ce jikin malamai daban yake. Ba ta yi dariya ba.

Litinin, 29 ga Rajab

Na ƙara ƙwayar magani ɗaya a kan yadda aka rubuta. Ba komai.

Talata, 1 ga Sha'aban, bayan la'asar

Cikin Ɗanmalam ba ya riƙe ko ruwa. Barira ta ɗora masa tuwo da man shanu, kafin ya kai rabi ya amayar da komai.

Ta shigo ta mai da ƙofa ta rufe, abin da ba ta yi da rana.

"Malam, durƙusawa ka yi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ka sauko daga gadon nan, ka kai gwiwa ƙasa, sai da mutum biyu suka ɗaga ka. Haka ne ko ba haka ba?"

Na ce ita ba za ta gane ba. Mutumin da ya karantar da ubana yana zaune a ƙasa, ni ina bisa gadon da aka ɗaga da bulo, ina kallon tsakiyar rawaninsa? Ƙafafuna a miƙe suna nuna fuskarsa? Da wane ido zan kalli Baba ranar gobe?

"Shi Alaramman ne ya ce ka sauko?"

"Ba sai ya ce ba."

"Ya san likita ya hana?"

Na juya fuska wajen bango.

"Da ka buɗe baki ka gaya masa, da shi zai fara rantsar da kai ka zauna. Amma ina, kar a ce Malam Zulkifilu ya kasa. To ƙugun naka ne, Malam, amma ni na ga naman a buɗe, ni nake wanke shi. Jibi za mu Kano, ko ka yarda ko in je Kibiya da ƙafata in kai ƙararka."

Tunda ta faɗa, bari ni ma in faɗa. Lokacin da gwiwar ta kai ƙasa na ji wani ɗan ƙas a ciki, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya tsinken tsintsiya. Na ci gaba da gaisuwa, fuskata ba ta nuna ba, Alaramma bai ga komai ba. Wannan kam ina alfahari da shi.

Ban ce na yi daidai ba. Amma har yanzu ban iya cewa na yi kuskure ba.

Alhamis, 3 ga Sha'aban, bayan magariba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya jera tsohon hoto da sabo a jikin fitila, ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci. Kusa ɗaya ta ɗan zaro kai, ƙashin ya ɗan sunkuya.

"Malam, faɗuwa ka yi?"

"A'a. Gaisuwa na yi."

Ya cire tabarau ya ajiye. Na ba shi labari. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya daɗe yana murza goshi, ya ce shi ma yana da malami a garinsu, har gobe ba ya iya tsayawa a kansa. Ya ce ya yi shekaru yana gargaɗin mutane a kan babur da noma da ɗaukar buhu, bai taɓa tunanin ya sa gaisuwa a ciki ba, daga yau zai sa.

Ba zai sake yanka ni yanzu ba. In kwanta, ko sandunan in ajiye, in dawo ƙarshen wata. In ƙashin ya tsaya a inda yake, mun tsira. In ya ƙara sunkuyawa, sai an sake buɗewa.

Na ce, "Batun azumi fa?"

"Kar ka tambaye ni azumi, Malam."

A hanya na gaya wa Barira da Ɗanmalam, duk wanda ya kai wannan maganar Kibiya ban yafe masa ba. Tsoho ya zo da alheri, ba za a ɗora masa nauyin ƙafata ba.

Lahadi

Kwance.

Talata, 8 ga Sha'aban

Kwance. Na san duk tsagun da ke rufin ɗakin nan. Mutane an gaya musu likita ya ƙara mini hutu ne don ƙarfen ya zauna. Ba ƙarya ba ce.

Alhamis, bayan magariba

Yau Musbahu ya tsawaita raka'ar farko, ga tsofaffi a bayansa. Jiya kuma ya gajarta. Liman yana bukatar ma'auni, ba daɗin murya kaɗai ba. Baba yakan ce ka ja salla da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a sahu.

Masallacin yana cika dai. Ina jin takalma har bakin tagata.

Asabar, 12 ga Sha'aban, da hantsi

Alhaji Bello ya aiko da sabuwar darduma in gani. Koriya, mai kauri. Na yaba, na ce a kai masallaci a ajiye. Barira ta naɗe ta ba ta dube ni ba.

Talata, 15 ga Sha'aban, bayan asuba

Musbahu ya gama biyawa bai tashi ba. Ya yi ta wasa da gefen tabarma.

"Allah gafarta Malam, mutanen Kano sun sake kira."

"Me ka ce musu?"

"Na ce maganar tana wurin malamina. In ka ce in tafi, na tafi. In ka ce in zauna, na zauna. Wallahi ban nemi komai ba, ban je wurin kowa ba."

Na san bai je ba. Na san kuma innarsa idonta ya yi rauni, shi kaɗai gare ta, shi ke kai ta ko'ina. Ban tambaye shi wa zai duba ta ba.

Na ce, "Ka tanadi jakarka. Kano ba ta cizo."

Ya ce to. Ya durƙusa ya yi sallama ya fita. Gwiwarsa ta kai ƙasa ta tashi ba tare da ya ko lura ba, na bi ta da kallo.

Laraba

Ban ji daɗin abin da na gaya masa ba. Ban kuma janye ba.

Lahadi, 20 ga Sha'aban

Ciwon ya lafa. Ba na gaya wa kowa, kar baki ya kama.

Alhamis, 24 ga Sha'aban, bayan la'asar

Ana ta shirin azumi. Ina jin dakan gero daga gidaje uku, ladan yana gwada sabuwar lasifika, an kawo dabino masallaci. Kowace shekara ni ke raba wa matasa aikin shara da wankin butoci. Bana ban ji wanda ya zo tambaya ba, kuma aikin yana tafiya. Wannan ya fi ƙafar ciwo.

Kyan ɗa ya gaji ubansa. Ba wanda ya taɓa cewa kyan ɗa ya riƙe gadon ya sake shi da ransa.

Litinin, 28 ga Sha'aban, bayan magariba

Alhamdu lillahi. Kusar ta tsaya a inda take, ƙashin ya fara kamawa, likita ya nuna mini wani farin hazo a wurin yankan ya ce sabon ƙashi ne. Ba za a sake buɗe ni ba. Barira ta zauna a bencin asibiti ta rufe fuska da mayafi. An mai do mini da sandunana, har an yarda in ɗan dangana yatsun ƙafar a ƙasa.

Sannan likita ya faɗi sauran.

"Sujada sai bayan Salla, in mun ga hoto na gaba. Malam, ka saurare ni da kyau. Sabon ƙashin nan ɗanye ne. In ka yi ta sauka da tashi irin na Asham, ƙarfen zai iya ɓallewa, kuma karo na biyu ba na yi maka alkawarin ƙafar da kake gani yanzu."

Da muka iso gida Alhaji Bello yana zaure yana jira.

"Malam, me likita ya ce?"

"Ya ce ƙashi ya kama."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Ko zama bai sake yi ba, ya fita yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi.

Ban yi ƙarya ba. Likita ya faɗi haka.

Talata, 29 ga Sha'aban, bayan isha'i

Ba a ga wata ba. An ƙara mini kwana ɗaya.

Da rana na jingine sandunan na tsaya da bango. Na tsaya. Na gwada ruku'u rabi, ya yiwu. Na ɗago sai na ga Barira a bakin ƙofa da babbar rigata a hannu, a goge.

"Ga ta nan, na goge," ta ce. "Ba zan hana ka ba, ban isa ba. Amma in ka tsaya gaba gobe, jibi zan tafi gidanmu Zinyau in yi azumina a can. Ba fushi ba ne, Malam. Ba zan iya sake zama a bencin nan ina jiran a fito da kai ba."

Ta rataye rigar ta fita.

Laraba, 30 ga Sha'aban, bayan Asham

Na sa rigar. Na naɗa rawani. Ɗanmalam ya so ya riƙe ni, na ce ya matsa.

Masallaci ya cika har waje, da baƙi daga ƙauyuka. Ina shiga sahu ya dare mini hanya, sai sannu da barka nake ji ta kowane gefe. Ladan ya ta da iƙama. Musbahu ya koma cikin sahun farko ya sunkuyar da kai, wurin liman ya zama babu kowa.

Na taka har can. Na miƙa wa ladan sandunan. Na tsaya a inda Baba ya tsaya, kafaɗuna biyu daidai, ba karkata, ba dafa bango. Na ji masallacin ya yi tsit, na san suna gani. Abin da nake so tun ina yaro ke nan, kuma na same shi, ko da na ɗan lokaci ne.

Sai na dubi wurin sujada. Bai taɓa yi mini nisa irin na yau ba.

Zan so in rubuta cewa tsoron Allah ne ya kama ni, ko tausayin tsohuwar Musbahu. Akwai su a ciki. Amma gaskiya ita ce ina son ƙafata. Na yi shekara talatin da shida ban da ita, na same ta, ba zan iya mayarwa ba.

Na juya.

"Musbahu."

"Na'am, Malam."

"Shigo gaba."

Bai motsa ba. "Allah gafarta Malam…"

"Tun yaushe nake maimaita maka magana?"

Alhaji Bello ya matso ya rage murya. "Malam, ka san fa abin da dattawa suka yanke."

"Na sani, Alhaji. Likita ya ce ƙashi ya kama, bai ce in yi sujada ba, ni ne na ba ka rabin maganar. Yau a zaune zan yi, mai zaune kuwa ba ya jan masu tsaye. A ba ni kujera."

Sai da na kama hannun yaron na jawo shi. Na ce masa a kunne ya kwance jakarsa, kuma kar ya yi sauri a ruku'u.

Aka ajiye mini kujera a sahun farko, daidai bayansa, inda mai gyara wa liman yake tsayawa. Da ya yi kabbara na ji masallacin Baba ya fita daga hannuna, kuma ya yi zafi, ya fi wuƙar likita zafi. Ba zan ce ban ji ba.

Aka idar da isha'i, aka shiga Asham. Na kasa kunne. Kowace aya tana bakina kafin ta kai nasa, ina jira ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya, in ɗaga murya in ɗora shi, masallaci ya ji har yanzu ina nan. Wallahi na jira. Raka'a bayan raka'a ina jira. Har ya sallame bai ba ni ƙofa ba.

Da muka fito ana neman takalma, wani dattijo baƙo daga Dawaki ya tari Alhaji Bello ya ce, don Allah wa ya karantar da yaron nan haka?

Ban bari Alhaji ya buɗe baki ba.